Akwatin Gwaji

Darakta ya yi wa Shugaban Hukuma alkawarin zai buɗe masa akwatin gwaji, bai kuwa tambayi mai akwatin ba.

Mai akwatin wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A cibiyar binciken sadarwa Injiniya ake ce masa. Shi ya ɗauki Darakta a kafaɗa tun ana ce masa Auta yana yawo da majina, shi ya cusa masa lissafi da ƙyar. Karatu iri ɗaya suka yi. Babban ya tsaya a ɗakin gwaji. Ƙaramin ya iya magana, maganar kuwa ta kai shi har ofishin sama mai kafet da labule.

Akwatin ba abin kallo ba ne. Farin ƙarfe ne kamar firjin kanti, ba taga, sai gunji. A cikinsa akwai zaren gilashi a naɗe, siriri kamar gashi, irin wanda ake binnewa a ƙasa ya ɗauki magana da hoto ta hanyar haske. Injiniya ya haɗa wa zaren sabuwar riga ta roba, yana fatan za ta hana danshi cin gilashin. Don ya tabbatar, sai ya kulle zaren cikin zafi da tururi, na'ura tana tura haske ta wannan baki tana auna abin da ya fito ta wancan. Sharaɗin gwajin ɗaya ne, ba a buɗe ƙofa sai an gama. In aka buɗe, zafi ya sauka, tururi ya fita, aiki ya koma farko. An fi shekara ana yi, saura 'yan watanni.

Baƙi ba sa son akwatin, don haka cibiyar ta tanadi abin nuna musu. Wani tsohon kabad ne na kayan sadarwa da ya daɗe da mutuwa, ba a haɗa shi da komai ba, amma fitilunsa suna ƙyaftawa, kore da ja. Manya da yawa sun tsaya gabansa sun jinjina kai an ɗauke su hoto. Sai dai Shugaban Hukuma, wanda cibiyar ke ƙarƙashinsa, ya gaji da jinjina masa. A zuwansa na baya ya ce, "Wannan ba shi na gani bara ba?" Nan take Darakta ya ce masa in ya dawo zai ga sabon zare da idonsa, har ya taɓa.

Ana gobe zai dawo Darakta ya sauko ɗakin gwaji, sakatariya tana biye da shi. Bai cire takalmi ba, ga kuwa sanarwar cire takalmi a ƙofa, shi da kansa ya sa wa sanarwar hannu.

"Injiniya, gobe za a buɗe wannan abin."

Injiniya bai ɗaga kai daga allon na'ura ba. "Wa zai buɗe, Darakta?"

"Kai mana. Makulli na hannunka."

"To an samu matsala."

Darakta ya sallami sakatariya, ya tura ƙofa. Muryarsa ta koma ta gida.

"Haba Yaya. Na riga na yi magana."

"Ai kullum kana yin ta. Ba ka taɓa rasa ta ba."

"Wa'adina ya kusa ƙarewa. Mutumin nan shi zai ce in zarce ko in sauka. In na sauka, wa kake tsammani zai bar ka kana dafa gilashi shekara da shekaru?"

"Ka kai shi wurin kabad."

"Ya gane kabad."

"Ka canja masa fitilu. Ka sa shuɗi."

Darakta ya fita bai rufe ƙofa ba. Injiniya ya tashi ya rufe, ya share sawun takalmin.

Da la'asar ya koma gida ya tarar da motar Auta tana fita daga layin. Ya san me aka zo shukawa. Mahaifiyarsu a wurinsa take zaune, yau ga ta a falo da ledar lemon da Auta ya kawo a gefenta, fuskarta a ɗaure.

"Babba, zo nan. Me ƙaninka ya roƙe ka ka hana shi?"

"Inna, maganar aiki ce."

"Ƙofa ce fa aka ce ka buɗe. Ko rijiya aka ce ka faɗa?"

Matarsa tana ɓare lemo ta sa baki. "Inna, ba ki san firjin nan ba ne. Ranar da aka ɗauke wuta ya bar ni a bakin asibiti ya ruga wurin aiki ya ga ko injin wuta ya tashi. Ni da firjin, shi ne uwargida."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar tsohuwar, ya nemi hanyar da za ta gane. "Inna, kamar ki ɗora tukunya ne ki rufe. In kika buɗe, tururi ya gudu."

"Ni nakan buɗe in duba. Na ciyar da ku duka, ba wanda ya mutu."

Matar ta yi dariya har ta ƙware. Shi bai yi ba. Inna ta ajiye wasa, ta dafa kansa kamar yaro, ga furfura ta cika kan.

"Na san shi da rawar kai. Ni na haife shi. Amma kai ne babba. Kada ka kunyata shi gaban mutane."

"Na ji, Inna."

"Ka ji, ko za ka yi?"

Ya fita tsakar gida ya tsaya gaban famfo, yana lissafi a kansa ko akwai buɗewar da ba za ta ɓata aikin ba. Ya juya ta nan ya juya ta can. Babu. Duk da haka da safe ya sa makullin a aljihu. A hanya ya yi ta gaya wa kansa cewa shekara ɗaya ba ta kai ran tsohuwa ba, zai iya sake naɗa zare ya fara daga farko, ba wanda zai mutu.

Ya tarar an yi wa ɗakinsa kwalliya. An zagaye akwatin da jan ƙyalle an ƙulla masa fure. An kawo tukunyar shuka an ajiye a kan teburin da yake goge bakin zare, inda ƙura ɗaya ke ɓata aikin yini. Ma'aikatan ofishin sama sun sa fararen riguna na ɗakin gwaji, wasu har da alamar ninkin kanti a jiki.

Shugaban Hukuma ya shigo da jama'arsa, kowa da takalminsa. Darakta ya fara jawabi. Ya ce wannan zare zai haɗa birni da ƙauye, ya ce duniya ta zuba ido. Ya ce yanzu baƙo zai ga haske yana gudu a cikin gilashi. Injiniya ya dubi ƙasa. Hasken ba ya ganuwa da ido, ɗalibin shekarar farko ma ya sani, kuma Auta ya taɓa sani. Shugaba yana duba wayarsa, sai in an tafa ya ɗaga kai.

Aka miƙa masa almakashi ya yanka ƙyalle. Aka tafa. Darakta ya yafito wansa.

Injiniya ya matso, makulli a hannu. Ya kai shi bakin kwaɗo. Ta jikin ƙarfen yana jin ɗumin da ya tsare fiye da shekara.

Darakta ya sunkuyo kusa da kunnensa. "Na gode, Yaya. Kuma kada ka damu, ba sai ka koma farko ba. A rahoto ka ce ba a taɓa buɗewa ba. Ni zan sa hannu."

Hannun Injiniya ya tsaya. Ya yarda ya yi asarar shekara. Wannan kuwa wani abu ne daban. Da rahoton za a sayi zaren, da shi za a haƙa rami a binne zaren a ƙarƙashin titunan mutane, da sunansa a kai. Kuma ya san ƙaninsa. In ya buɗe yau, gobe takardar rahoton za ta sauko ƙasa da biro a kanta, jibi kuma a je wa Inna da lemo.

Mai hoto ya durƙusa yana gyara kyamara. "A jawo zaren waje sosai, ranka ya daɗe ya riƙe shi sama. In da hali ya ɗan yanko guntu, zai yi kyau."

Shugaba ya dubi almakashin da ke hannunsa, abin ya yi masa. "Ba laifi. Zan kai wa jikata."

Injiniya ya zare makullin daga kwaɗo ya mayar aljihu.

"Injiniya," in ji Darakta da ƙarfi, yana murmushi ga jama'a, gumi na bin wuyansa. Sannan a hankali, "Yaya, don Allah. Ka tuna Inna."

Shugaba ya duba agogo. "Malam, kai ake jira."

"Ranka ya daɗe," in ji Injiniya, "ba zan buɗe ba."