Ruwan da Ya Ci Dubulan

Barira ba ta san abin da ya faru ba sai da ta tsaya a ƙofar gidan yayarta Jamilatu a Ƙofar Gayan, ta sunkuya ta ɗaga kwalin farko daga gaban kujerar mai zaman banza a motarta. Gindin kwalin ya zazzage. Dubulan ɗin da ta wuni jiya tana soyawa don garar 'yar Jamilatu ya zube a kan kafet, ya yi laɓo-laɓo kamar an jiƙa wa jariri. Kwalin alkakin ma ya sha ruwa har rabi.

Ta tsaya tana huci. Tun farkon bazara take faɗa wa mijinta, Malam Abdulwahab, cewa ƙasan motar nan kullum a jiƙe yake, har wari ya fara. Shi kuwa amsarsa ɗaya: "Ku mata ba ku iya rufe gora ba." Da ta matsa sai ya ce yara ne. Yau kuma ta taɓa da safe ta ji ya sha iska, shi ya sa ta yarda ta ajiye kayan a nan.

Jamilatu ta fito, ta gani, ta yi salati. Barira ba ta ko shiga gidan ba. Ta ja motar sai Ƙofar Doka, garejin ƙanenta Muntasir mai gyaran esi, na'urar sanyaya mota.

"Yaya, lafiya? Wa ya taɓa ki?"

"Duba min motar nan, ko in cinna mata ashana!"

Muntasir ya dangwali ruwan ya sansana. "Ba na lagireto ba ne, ba launi ba santsi. Ruwan sama kuma ba a yi ba." Ya kunna esi ya ƙure, ya bar motar tana aiki, sannan ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Wajen a bushe ƙarƙaf.

"Kin ga matsalar. Esi gumi yake yi, kamar kofin ruwan sanyi. Akwai ɗan tiyo da ke zubar da ruwan waje. In ya toshe, ciki zai dawo. Yawanci laka ce, ko zanzaro ya yi gida."

Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar. Can sai ta ji ya ce, "Ikon Allah." Ya fizgo wani abu, ruwa ya tsiyayo masa a fuska da wuya. Ya fito yana tofarwa, riƙe da leda a cukuikuye da robar tayar keke, an ɗaure tamau.

"Wannan ba zanzaro ba ne, Yaya. Hannun mutum ne."

Nan take ta kira Abdulwahab a ofis, ta buɗe muryar wayar.

"Baban Umaima, wa ya ɗaure tiyon da ke ƙarƙashin motata?"

Ya ɗan yi tari. "Ai yoyo yake. Kullum sai ya ɓata sabon simintin tsakar gida, shi ne na ɗaure kafin a samu lokacin gyara."

"Ka ɗaure! Ka ɗaure, sannan ka zauna kana ce min ban iya rufe gora ba? Har Umaima ka sa na daka a kan ruwan nan!"

"To ni ina na san..."

"Abin da ba ka sani ba, tambaya ake yi! Da wane ido zan dubi Yaya Jamilatu, gobe za a kai gara?"

Ta katse. Muntasir ya busa iska a tiyon, sauran ruwa da datti suka fice, esi ya ci gaba da ɗiga a ƙasa yadda ya kamata. Ya ɗage kafet ɗin, ya ce sai ya yi kwana biyu a rana, in ba haka ba ƙarfen zai yi tsatsa.

Da la'asar Abdulwahab ya shigo gida da buhun fulawa a kafaɗa da jarkar mai, yana ta sallama ba mai amsawa da ƙarfi. Barira ta riga ta hura wuta, maƙwabta biyu sun zo taya ta murza. Ta nuna masa inda zai ajiye da baki. Garar ta tafi a kan lokaci, amma sai da Juma'a ta zagayo kafin ya sake jin sunansa a bakinta.