Katifa a Ka

Mantuwa ce ta dawo da Mai Faci gida a safiyar nan. Ya buɗe rumfarsa ta bakin titi, ya tayar da injin iska, sannan ya tuna gwangwanin gam na can ƙarƙashin gado. Tun daga ƙofar gidan haya ya fara jin tafi, da murfin tukunya ana buga shi da cokali.

'Yarsa ce a tsakar gida, 'yar shekara shida, ɗauke da katifarta a ka. Katifar ta lanƙwaso ta rufe mata fuska, ƙafafunta kawai ake gani. Yaran gidan na biye da ita suna tafi, suna kiranta mai fitsarin kwance. Matan da ke layin famfo sun ajiye bokitai suna kallo, kamar an kawo musu wasa kyauta. Inna, mahaifiyarsa, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ƙirga zagaye.

"Saura biyu," in ji Inna. Da ta hango shi, ko gezau. "Kada ka sa baki. Magani ne. Kai ma da shi ka daina."

Shi asuba yake fita, matarsa kuma sharar dare take yi a asibiti, sai rana ta ɗaga take dawowa. Safiya ta Inna ce, kuma ashe haka ake cinye ta. Ya kamata ya yi magana. Bai yi ba. Ƙaton mutum mai ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai, ya shige ɗaki sum-sum, ya ɗauki gam ɗinsa ya fice. Ranar nan sau biyu ya yi wa tayar mutum ɗaya faci a inda ba ta huje ba.

* * *

Kwana uku a jere katifa ta tashi a bushe. Inna ta bi ɗaki-ɗaki tana ba da labari, har wata mai goyo ta ce za ta gwada a kan nata ɗan.

A rana ta huɗu malamar ajin yarinyar ta turo babur ɗinta rumfarsa. Yana tsugune yana juya tif ɗin tayar a cikin kwanon ruwa, yana jiran kumfa ta nuna masa hujin, sai ta ce, "Malam, lafiyar 'yarka kuwa? Barci take yi a aji kamar wadda aka yi wa allura. Leɓenta duk ya tsage. Gorar ruwanta ma ƙawaye take rabawa, ita ko kurɓa ba ta yi."

Daren nan ya kwanta ya rufe ido, amma bai yi barci ba. Can da gida ya yi tsit, ya ji motsi. Yarinyar ta sauko daga katifa ta zauna a kan siminti, ta jingina da bango. Ta zaro ɗan maƙalin nan da ake matse shanya da shi a igiya, ta maƙala a fatar kunnenta. Da zarar kanta ya fara rinjaya, sai ta ƙara matse maƙalin da yatsu biyu, ta farka.

Wannan ne maganin da ya yi aiki. Zuciyarsa ta tafasa, kuma da kansa ya fi jin haushi.

"Uwata," ya kira ta a hankali. Haka yake kiranta, don sunan Inna aka sa mata.

Ta zabura. "Baba, ban yi ba. Wallahi taɓa ka ji."

Ya cire maƙalin. Kunnen ya kumbura, ya yi zafi. Ya ɗebo ruwa a kofi ya miƙa mata, ta girgiza kai.

"Sha."

"Zai fito."

"To ya fito mana. Katifar ni na saye ta, ban kuma ce ta fi ki ba."

Ta shanye, ta miƙo kofin ya ƙaro. Ya raka ta bayan gida, ya dawo da ita ya kwantar. Kafin ya gyara mata zane ta yi nisa.

* * *

Da safe katifa ta jiƙe sharkaf. Mai Faci bai fita aiki ba. Inna ta leƙo, hancinta ya gaya mata komai, ta juya ta ƙwala wa yaran gida kira. Kafin su gama taruwa, ya fito da katifar a kansa, ruwan na bin wuyan rigarsa.

"Ina mai murfin tukunya?" ya ce. "Ku tafa mana! Yau babba ne zai zagaya."

Ba wanda ya tafa. Ya zagaya tsakar gidan sau ɗaya, a nitse, ya bi ta gaban famfo yana gaida matan ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta rasa inda za ta sa idonta. Ya zo ya tsaya a gaban Inna.

"Ka haukace ne? A gaban 'yan haya za ka tozarta ni?"

"Allah ya huci zuciyarki, Inna. Kin ce da wannan na daina. Ban daina ba. Sai da na shekara goma sha ɗaya ina yi. Tashi kawai na koya kafin ki tashi, in wanke shimfiɗa in juya ta, in kwanta a kan danshi ina rawar sanyi." Ya gyara zaman katifar a kansa. "Yarinyar nan sunanki take ɗauke da shi. Kullum safiya ke ake zagayawa da ke a gidan nan. Daga yau duk mai son kallo, ni zai kalla."

Ya shanya katifar a tsakiyar igiya, inda rana ta fi bugawa, ba a bayan ɗaki ba.

* * *

A rumfa ya tsaga tsohon tif na babbar mota, ya wanke shi fes, ya haɗa gefe da gefe da gam, ya zama shimfiɗar roba a ƙarƙashin zanen gado. Uwar ta kai yarinyar wajen likita, aka ce lafiyarta ƙalau, lokaci kawai take buƙata. Kullum sai Mai Faci ya raka yarinyar bayan gida kafin barci. Wata safiyar a bushe, wata a jiƙe, shi da ita su wanke zane tare suna gardamar wanda ya fi iya matsa. Inna ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwarsa ba, shi kuma bai fasa durƙusawa a ƙofarta ba.

Tafi dai ya mutu a gidan.

Wata biyu bayan nan, ya dawo da yamma ya tura ƙofar ɗaki. Yarinyar na tsaye a lungun bayan ƙofa, tana kwankwaɗar ruwa da sauri, idonta a kan tsakar gida kada wani ya gan ta.

"Sha a hankali, Uwata," ya ce.

Ta goge bakinta da bayan hannu, ta ɓoye kofin a bayanta.