Ƙunzugun da Inna Ta Dafa

Akwati biyu. Jakar goyo. Takardun makaranta a cikin leda. Rigar sanyin da ba zan ƙara sawa ba. Ƙunzugun yadi dozin biyu, masu maɓalli, kala-kala. Yaro ɗaya mai wata bakwai, yana barci a cinyata.

Abin da na dawo da shi ke nan bayan shekarun karatu a ƙasar waje. Mijina yana can, sai ya ƙarasa aikin da ya ɗauka. Yayata ce ta ɗauko mu daga filin jirgi, tana tuƙi tana leƙen yaron ta madubi.

"Wannan ai kumatu ne aka yi wa ƙafafu," in ji ta.

Daga ranar sunan ya bi shi: Kumatu.

Ƙafata na kan wani kwali, wasu kuma na gefena har rufin mota. Yaya tana da shagon kayan jarirai.

"Kwalayen nan fa?"

"Na Kumatu ne. Ƙunzugun kanti, a sa a yar. Inna ce ta ce in kawo tun kafin ku sauka."

"Ba ya sawa."

"Me yake sawa? Ganye?"

"Yadi. Na kanti yana ƙona masa fata."

Ta yi dariya har ta kusa wuce kwanar gida. "To Malama, ke za ki faɗa mata da bakinki. Ni direba ce."

Inna tana zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene. Ɗaki biyu da falo, da baranda biyu. Ta gaba tana kallon titi da tagogin maƙwabta, rana na dukanta tun hantsi. Ta baya lungu ce kusa da banɗaki, rana ba ta san da ita ba.

Yaron Inna ta fara karɓa, kafin ta dube ni.

"Maigida, sai yau? Ka bar ni ina ta jira, ka zo ba ko tsaraba. Haƙori ma ba ka kawo ba."

Ta kwantar da shi za ta canza masa, ta ɗaga rigarsa, ta tsaya.

"Wannan fa?"

Na ɗauko ɗaya daga akwati na shimfiɗa mata. Na nuna mata bayansa, mai siririyar roba a ciki wadda ke tare jiƙa. Na nuna mata igiyar robar da ke kama cinya, da audugar tsakiya da ake zarewa. Na ce duk irin na kantin da muka gwada a can, fatarsa tashi take yi. Na fara bayanin yadda ake wanke shi, ta ɗaga mini hannu.

Na san hannun. Mu bakwai ta haifa, duk a nafkin ta rene mu, farin tawul mai kusurwa huɗu, a gidan haya mai famfo ɗaya. Yatsun sun lanƙwashe, gaɓoɓin sun kumbura. Sai an buɗe mata murfin kwalba.

"Na wanke kashin duniya da hannun nan," ta ce. "Ranar da na fara ganin na yarwa a kanti, na ce alhamdu lillahi, 'ya'yana sun tsira. Yanzu wadda ta fi kowa karatu ce za ta dawo mini da tsumma gida?"

"Ba tsumma ba ne, Inna."

"Tsumma mai maɓalli."

"Ni zan wanke. Ba ruwanki da shi."

"Da ma ba ruwana. Amma a baya za ki shanya. Kar matar sama ta ce 'yar da aka tura karatu ta dawo ko ƙunzugu ya gagare ta."

Na ce to. Ban ƙarasa bayanin wankin ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Na fara aiki a ɗakin gwajin ruwan sha. Da safe in bar Kumatu wurin Inna, da yamma in dawo in tsuguna a banɗaki in yi wanki. A makon farko shugabar sashenmu ta miƙo mini makulli. Akwai ɗaki a gidajen ma'aikata, da wurin renon yara a ƙasansa, da injin wanki. Ta ce in duba, in ya yi mini in riƙe, in bai yi ba in mayar mata ranar Litinin, akwai mai jira. Na jefa shi a jaka. Yaya kaɗai na faɗa wa, wato na faɗa wa gari.

Barandar baya ba ta busar da komai. Ƙunzugu ya kwana ya wuni a igiya, a taɓa a ji shi da danshi, yana warin rufaffen ɗaki. Busassun suna raguwa, jiƙaƙƙun suna ƙaruwa.

Wata yamma tun daga matakala na jiyo kukan Kumatu. Na same shi da ƙunzugun kanti. Da na cire, daga cinya zuwa mara ya yi ja, har da ƙuraje masu ruwa.

"Naki ba su bushe ba," in ji Inna. "Tsirara zan bar shi?"

Tana da gaskiya. Ban ɗaga murya ba. Na wanke shi da ruwan ɗumi, na shafa masa magani, na bar shi ya sha iska a kan tawul. Duk sanda ya motsa ƙafa sai ya tsandara ihu. Inna ta tsaya a kansa, ba ta yi masa wasan maigida ba.

"An ba ni ɗaki a wurin aiki," na ce.

"Na ji."



Washegari da na dawo, wani wari ne ya tare ni a matakala, na sabulun da aka tafasa. Rabon da in ji shi tun ina ƙarama. Babbar tukunya na kan murhu, ta huce. A kan teburin falo ga ƙunzugun Kumatu a jere, an ninke, an goge, sun kwanta luf kamar hankici. Yaya na zaune tana danna waya. Inna ta ajiye hannuwanta a cinya. Sun yi jajir, bayan yatsu biyu ya tsage.

"Na dafa su sarai," ta ce. "Na bi su da dutsen guga ciki da waje. Ba cutar da ta rage. Kin ga sun bushe ƙayau, ba sai an kai su gaba ba. Kullum haka zan riƙa yi miki."

Na ɗauki na sama. Robar ciki ta yamutse, tana saɓulewa kamar fatar maciji. Igiyar cinya ta mutu, in an ja ba ta komawa. Maɓallan sun karkace. Na ɗaga na biyu, na ɗaga na ƙasa. Duk ɗaya. Wanda ke jikin yaron ne kawai ya tsira.

Yaya ta ga fuskata, ta ja ni kicin.

"Ki rufa wa kanki asiri ki yi shiru. Tun safe take tsaye. Don kar ki tafi ta yi, kin sani."

"Sun lalace, Yaya."

"Ki ce kin gode, ki zuba su a akwati. Akwai wani iri a shagona, mai laushi, ki gwada."

"Ya sake ƙonewa?"

"To ki sa mijinki ya aiko da wasu."

"Ta sake dafawa."

"Ke dai tun kina ƙarama ba a kai ki ƙasa a magana. Karatun bai rage komai ba."

Kumatu ne ya raba gardamar. Kafin mu fito Inna ta canza masa da ɗaya daga cikin gogaggun, ta ɗora shi a cinya. Bai jima ba ya jiƙa mata zane har ƙasa.

"Haba Maigida! A gaban mutane?"

Ta yi dariya. Sai ta cire ƙunzugun ta juya shi, ta kai shi kusa da ido, ta sa farce ta ja robar. Ta biyo farcen.

"Ni na yi wannan?"

Yaya ta taka mini ƙafa.

"E," na ce. "Ba ya son wuta. Ruwan ɗumi kawai."

"Ba ki faɗa ba."

"Kin hana ni. Ni ma ban nace ba."

Ta dubi jerin da ke kan tebur.

"Abin da ya taɓa kashi, ni ban san masa wata hanya ba sai wuta."

Ta miƙo mini yaron ta shige ɗakinta. Yaya ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce, "Sannu, mai gaskiya. Kin huta."

Na zauna ina zare audugar tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Ita ba abin da ya same ta. Ta ma fi da fari, ta fi laushi, warin danshin ya fita.

Tun ina ƙasar waje, a kan waya na zaɓi ƙunzugun nan, a wani ɗaki mai injin wanki da injin busarwa. Na karanta ra'ayin matan da ban sani ba har idona ya gaji. Na yi tunanin fatar yaro, na yi tunanin juji. Na auna kaurin auduga da yawan maɓalli. Abu ɗaya ne ban tambaya ba: a wane gida za a wanke shi, kuma wa zai wuni da yaron. Na saye shi don gidan da ba Inna a ciki.

Makullin na cikin jaka. A gidajen ma'aikata akwai inji, akwai masu reno da ke bin abin da aka ce musu. Ba wanda zai dafa mini komai. Ba kuma wanda zai kira shi maigida.

Ranar Asabar na goya Kumatu na shiga kasuwa, layin masu tawul. Na sami farin yadin tawul a dunƙule, mai kauri.

"Yana jure tafasa?" na tambayi mai shagon.

"Ki dafa shi har ya nuna. Na mene ne?"

"Nafkin."

Ya leƙa bayana ya dubi yaron, ya dubi takalmina. "Ashe akwai sauran masu yi."

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya yanka mini kusurwa huɗu-huɗu, ya kalmashe bakin. Na sayi wandon roba na ɗorawa a sama, da manyan fil masu kulle. Shi wandon ɗauraya kawai yake so, ba ya shiga tukunya. Wannan karon zan faɗa, ko an ɗaga mini hannu.

A gida na shimfiɗa ɗaya a kan gado na kwantar da Kumatu. Ban iya naɗawa ba. Na ninka nan, can ya warware. Na kama can, ƙafa ɗaya ta fita. Shi kuwa ya ɗauka wasa ne, yana ta harbin iska.

"Wannan ɗaurin kayan ƙaura ne."

Inna ce a bakin ƙofa. Tun ranar tukunya gaisuwa kawai ke haɗa mu.

"Matsa."

Ta karɓi tawul ɗin ta karkaɗe, ta ninka shi kusurwa uku, ta sa audugar tsohon ƙunzugun a tsakiya ba tare da ta tambaye ni ba. Ta ɗaga ƙafafunsa da hannu ɗaya, ta ja nan, ta ja can, ya zauna daram. Ta ɗauki fil ta soka. Sai kullewa. Ta danna, ya ƙi. Ta sake dannawa, ya zame daga yatsunta ya faɗi a kan gado.

Ta tsaya tana kallonsa.

Na ɗauka. Ta cusa yatsunta tsakanin yadin da cikin yaron don kar tsinin ya same shi. Na soka, na kulle. 

Na fito da ɗan maƙalin roba mai haƙora da ya zo tare da tsofaffin ƙunzugun, na nuna mata. Ja kawai ake yi a maƙala, ba dannawa. Ta gwada sau biyu, ya kama.

"Wannan dai sun yi hankali," ta ce.

Ranar Lahadi da yamma Yaya ta zo kwasar kwalayenta. Ta ga Kumatu a tabarma, gindi ya yi tim da tawul, jan cinyar ya fara dushewa.

"Iko sai Allah. A hau jirgi a je karatu, a dawo a koma nafkin. Da kin zauna a gida ai da Inna ta koya miki kyauta." Ta ɗora kwali a ka. "Makullin mutane fa? Gobe Litinin."

Inna tana tafa wa yaron hannu. Tafin ya tsaya, amma ba ta juyo ba.

"Yana jaka," na ce. Na dubi Inna. "Ba za ki ƙara sa hannu a ruwan sabulu ba. Ni zan wanke kafin in fita. Ke ki ɗora tukunya, ki juya da sanda, ki bar mini in dawo in matse."

"A baya za ki shanya."

"Baya ba rana. Ita ta jawo mana duk wannan."

"Mutane za su gani."

"Su gani."

"Matar sama..."

"Ta ƙirga in tana so."

Inna ta dubi Kumatu. "Ka ji uwarka, Maigida? Za ta kafa mana tuta a titi."

Ya kama yatsanta ya kai baki.

Yaya ta fita da kwali na ƙarshe, tana mita a matakala cewa ba mai taya ta. Na tura ƙofa na rufe, na sa sakata.

"Gobe zan mayar da makullin," na ce. "Muna nan. Wanki nawa, wuta taki, shanya a gaba."