Ɗigon da Ya Wuce Malama

Ɗalibai ne suka laƙa mata Malama Ɗigo, don shekara ashirin da shida ba ta da magana a ɗakin gwaji sai, "Ɗigo-ɗigo! Ba famfon gidanku ba ne." Mace ce mai tsauri, ba ta taɓa neman taimakon kowa ba, kuma tana alfahari da hakan.

Ana gobe jarrabawa, ƙa'ida ita ce malamin sinadarai ya kulle kansa ya fara yin gwajin shi kaɗai. Zai ɗiga asid daga dogon bututun gilashi cikin kwalbar ruwan sinadarin alkali, har launin ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo, ya rubuta yawan asid ɗin da ya shiga. Da wannan lamba ake auna amsar kowane ɗalibi. In malami ya kuskure, yara arba'in sun faɗi da gaskiyarsu.

Abin da ba wanda ya sani shi ne yanar ido ta fara rufe mata gani. Shekara biyu tana ɓoyewa da dabara. Sai ta ɗaga kwalba ta ce, "Me kuka gani?" aji ya amsa, har shugaban makaranta yana yaba mata wai tana sa yara tunani. Yau kuwa ba aji, daga ita sai ƙofa a kulle.

Ta yi na farko, ta sami ashirin da huɗu. Ta wanke kwalba ta sake, ashirin da shida. Ta matsa bakin taga, ta sa farar takarda a ƙarƙashi, na uku ya ba ta ashirin da bakwai. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ɗauki biro za ta rubuta ta tsakiya, wa zai sani? Sai ta tuna ɗalibar da ke zama layin gaba, wadda ke cije leɓe tana jiran ɗigon ƙarshe kamar yadda aka koya mata. Ta ajiye biron.

Malami ɗaya ne ƙa'ida ta yarda ya shigo, sabon malamin sinadarai da aka kawo bara. Tsohon ɗalibinta ne, ita ta sa masa suna Sarkin Gaggawa, kuma ko kwalba ba ta bari ya wanke mata. Ta leƙa ofis ta kira shi.

"Lafiya, Malama?"

"Shigo ka rufe ƙofa. Tsaya nan, kada ka taɓa mini komai."

Ta murɗa famfon bututun, asid na sauka, tana kaɗa kwalbar a hankali. Can ta ce, "Me ka gani?"

Ya yi murmushi, ya ɗauka irin tambayar aji ce. Da ya dubi fuskarta sai murmushin ya ɗauke.

"Malama, ai ya juya. Ɗigo biyar ke nan da suka wuce."

Ta rufe famfon. Ta daɗe tana kallon ruwan, har yanzu rawaya take gani. Ta zubar, ta wanke kwalbar da kanta, ta goge, sannan ta miƙa masa ta ja gefe.

"Kai za ka yi. Ni zan rubuta abin da ka faɗa."

Ya kai hannu kan famfon.

"Ɗigo-ɗigo," in ji ta, a hankali.