Hadarin da Ya Taso ta Yamma

Ni Kalilu na Yawuri, shekara arba'in na yi ina tuƙa jirgi a kogin Kwara. Sau uku yana kifewa da ni, sau ukun na fito da ƙafata. Ban taɓa shiga aji ba, amma in na ɗaga kai na dubi gabas, sai in gaya maka sa'ar da ruwa zai sauko. Masu digiri ma ni suke tambaya.

Ɗana Muhyiddeen likita ne. Gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur ƙaro karatu, yana aiki a wani asibitin koyarwa. Shi ya ɗauko ni aka cire mini yanar ido, na zauna wurinsa a unguwar Cheras, hawa na goma sha biyu, tare da matarsa Hussaina. Ita ko shanya ba ta yi sai ta ce, "Baba, za a yi ruwa?" Ban taɓa ba ta kunya ba.

Ran wata Alhamis da hantsi saƙo ya shigo wayarsa daga asibiti. Wai guguwa na tasowa daga teku, duk mai aikin yamma ya iso kafin azahar da kayan kwana biyu, an shimfiɗa musu katifu, kada kowa ya bi hanya bayan nan. Nan da nan Hussaina ta haɗa masa jaka, har da tocila da dambun nama.

Na fita baranda na dubi gabas. Wasai take.

Na ce, "Likita, ajiye jakar nan. Babu ruwa yau."

"Baba, nan fa ba Yawuri ba ce. Na'ura ce ta hango."

"Na'urar taku ta taɓa nutsewa ta fito? Jibi zan koma gida. Ka tafi yanzu, sai a waya za mu yi sallama?"

Hussaina ta ce, kanta a ƙasa, "Baba, sai in zuba masa abincin a kula ya tafi da shi."

"Kifin da na zaɓo da hannuna ba a cinsa a tsaye."

Ya yi dariya, ya sauke jakar. "To, Sarkin Ruwa, na bi." Yaron nan bai taɓa yi mini musu ba.

Muka ci kifi, na ba shi labarin kifewata ta biyu, wadda ya ji ya fi sau ɗari. Ana kiran la'asar ɗakin ya yi duhu. Na sake leƙa gabas, har lokacin da haskenta. Ashe hadarin ta bayan ginin ya taso, ta yamma, inda ba mu da taga. A ƙasarmu ban taɓa ganin haka ba.

Ya duba waya, ya ce an tsayar da jirgin ƙasa, bishiya ta faɗa kan layi. Ya ɗauki makullin babur.

Na ce, "To yanzu kam zauna."

"Baba, wanda zan karɓa tun asuba yake tsaye. Akwai mata biyu a ɗakin haihuwa." Ya rataya jakar, ya ce wa Hussaina ta ajiye masa kan kifin.

Bai kai rabin hanya ba iska ta kayar da bishiya a kansa. Asibitinsu aka kai shi, abokan aikinsa suka karɓe shi, suka yi iya yinsu.

Washegari wata malamar jinya ta bi da mu ta wani dogon zaure don mu karɓi kayansa. Katifu ne a jere a ƙasa, kowace da takardar suna a manne, duk a yamutse, an kwana a kansu. Ban iya boko ba, amma na gane tasa. Ita kaɗai ce bargonta yake a ninke.

A nan muka binne shi. Ni da na fito daga Kwara sau uku, ni na zuba masa ƙasa. Hussaina ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, da ta ce ma da ya fi mini sauƙi. Abincina yana zuwa a kan lokaci.

Bayan sadakar bakwai ta fito baranda da kwandon wanki, ina zaune. Ta dube ni, ta buɗe baki za ta tambaye ni ko za a yi ruwa kamar yadda ta saba, sai ta fasa. Gabas tana nan wasai.

Na ce, "Duba wayarki, 'yata."