Yarinyar da ta Juya Hagu

Shekara ashirin da uku Lowell Brandvold ya yi yana alƙalancin wasan sofbol na 'yan mata a gundumarmu, kuma bai taɓa haɗuwa da kocin da ya karanta littafin dokoki daga bango zuwa bango ba. Sofbol wasa ne da ake jefo ƙwallo a doke shi da sanda, a ruga a taka zango uku a dawo inda aka fara, wato gida, a ci maki. Masu horar da yaran namu ai iyaye ne kawai: manomin masara, mai gyaran tarakta, malamar makarantar Lahadi. 'Yar mutum ta shiga ƙungiya, aka rasa mai riƙewa, sai a ɗora masa hula a ce shi ne koci. Dokar da ya sani ita ce wadda ubansa ya ƙwala masa daga bayan wayar shingen fili shekara talatin da suka wuce, shi ma uban a bakin wani ya tsinta. Wani zai rantse maka hannun mai bugu da sandarta duk abu ɗaya ne. Wani ya ce in ƙwallo da mai gudu suka iso tare, mai gudu ce da gaskiya. Ko ɗaya babu a littafi, amma je ka faɗa musu ka ga tashin jijiyar wuya.

Lowell ba haifaffen garin Vesely ba ne. Aikin awo a rumbun hatsi ya kawo shi, kuma a jihar Nebraska mutum yakan yi shekara talatin a gari ana ce masa baƙo. Matarsa Jolene ita ce mai jama'a, ita ake gayyata shi ya bi bayanta. Da ta rasu, aka yi mako biyu ana kawo masa abinci a kwanuka, daga nan ƙafa ta ɗauke. A fili kuwa babu mai kiran alƙali da sunansa. Launin riga ake kira: Mai shuɗi, buɗe idonka! Mai shuɗi, ina tabaraunka? Motarsa can ƙarshen fili yake ajiye ta kusa da bola, nesa da na iyaye, kamar yadda kowane alƙali mai hankali yake yi. A bayanta yake sauya takalmi, a nan yake cin burodinsa a tsaye tsakanin wasa da wasa.

Wuri ɗaya ne ya rage masa a duniya inda ake ce masa Lowell, wato teburin kusurwa a gidan abincin Arlene, kowace Alhamis da hantsi. Maza biyar ke zama a wurin tun suna samari. Shekara uku da suka wuce Duane Petrasek, mai sayar da irin shuka, ya hango shi a kan dogon kanta shi kaɗai da kofinsa, ya janyo kujera da ƙafa ya ce, "Kai tsoho, taso nan mu zage ka kusa-kusa, muryarmu ta gaji da ɗagawa." Tun daga ranar kujerar ta zama tasa. Ba ya yawan magana. Yakan ci fankensa, ya saurari gardamar ruwan sama da farashin waken suya, a tsokane shi ya murmusa. Amma tun daren Laraba yake goge rigar da zai sa, kuma sauran kwana shidan mako jiran wannan safiya kawai yake yi.

Wasan ƙarshe na gunduma, na 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu, ya faɗo ranar wata Asabar a watan Yuli, a filin Vesely. Duane ne kocin 'yan gida, jikarsa Kendra ce ke tsaron zangon farko. Baƙin daga garin mahauta suka zo, mil arba'in gabas, da wata matashiyar koci mai suna Yesenia. Alƙali na biyu bai zo ba, injin ban-ruwansa ya lalace, don haka Lowell shi kaɗai ya tsaya wa fili gaba ɗaya. Ƙuri'a ta ba baƙi bugun ƙarshe.

Rana ta yi zafi har ƙasar fili tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Aka zo zagayen ƙarshe Vesely na da biyar, baƙi huɗu. An fitar da biyu daga cikin baƙin, saura ɗaya wasa ya ƙare, kofi ya zauna a gida karon farko cikin shekara goma sha ɗaya. Arlene ta riga ta jera kankana a bayan motarta.

Wadda ta fito bugu wata 'yar firit ce mai lamba tara a baya, hular kwanon ta yi mata yawa har tana rufe mata gira. Ta doki ƙwallon ya gangara a ƙasa, ta zuba da gudu. Ƙafarta ta taka zangon farko kafin ƙwallon ya shiga safar hannun Kendra, wato ta tsira, wannan ko makaho ya gani. Gudun ya wuce da ita taku biyar ko shida, kamar yadda doka ta yarje a wannan zangon. Sai ta tsaya, ta juya ta hagu, ta nufo zangon tana tafe tana haki tana gyara hula.

"Ta juya hagu!" Duane ya daka tsalle daga benci. "Kendra, taɓa ta! Taɓa ta, 'yar nan!"

Kendra ta ruga ta manna mata safar da ƙwallon ke ciki a kafaɗa, don a fitar da ita. Fili ya ɗauki ihu. 'Yan matan Vesely suka fara cilla safofinsu sama, iyaye na dukan benci da ƙafa. A ɗaya gefen, Yesenia ta ɗora hannu biyu a ka. "Sau nawa zan gaya miki? Dama! Dama ake juyawa!" Ita kanta mai lamba tara ta sunkuyar da kai, ta ɗaga ƙafa za ta bar fili.

Lowell bai ɗaga hannu ba tukuna. Ya san dokar kamar yadda ya san hanyar gidansa: mai gudu ta juya duk inda ta ga dama, hagu ko dama, muddin ba ta yi yunƙurin tafiya zango na biyu ba. Yarinyar nan kuwa ko kallon zango na biyu ba ta yi ba. Ya kuma san wani abu, wanda ya fi wancan nauyi: a cikin mutum ɗari uku da ke filin, shi kaɗai ne ya san haka. In ya dunƙule hannu ya ɗaga, alamar ta fita, shi ke nan. Ba mai ƙorafi, har kocin baƙin ta yarda. Duane zai rungume jikarsa, a yanka kankana, wataƙila ma a miƙo masa yanki ɗaya ta saman waya. Ya so hakan, ya so shi ƙwarai, har ya ji yatsunsa sun fara naɗewa da kansu.

Sai ya ware hannayensa biyu. "Ta tsira! Lamba tara, koma zangonki."

Ihun ya mutu a hankali, daga benci na gaba zuwa na baya. Duane ya taho yana murmushin wanda yake zaton an yi ɗan kuskure ne da za a gyara yanzu.

"Lowell, ba ka gani ba ne? Hagu ta juya."

"Na gani, koci."

"To?"

"Babu dokar da ta hana. Ba ta nufi zango na biyu ba."

"Babu dokar da... Kai, tun ina da gajeren wando nake wasan nan! Kowa ya sani! Tambayi kocinsu ma, ga ta can!"

"Ba da ƙuri'a ake yi ba, koci. Ta tsira."

Duane ya matso har hular ɗaya ta kusa taɓa ta ɗayan, ya sassauta murya. "Haba abokina. Dubi yaran nan fa. Don Allah dube su."

Lowell bai duba ba. Ya sunkuya ya share farantin gida, inda mai bugu ke tsayawa, da ɗan burushinsa, duk da ba ƙura a kai. "Koma bencinka, a ci gaba da wasa."

Daga bayan waya wata murya ta ce, "Nawa suka ba ka, Mai shuɗi?" Wata ta ce, "Dama ai ba ɗan garin nan ba ne!"

'Yan matan Vesely suka tsince safofinsu daga ƙasa, jiki a sanyaye. Mai jifar tasu tana share hawaye da hannun riga. Jifanta na biyu ya zo a tsakiya sak, wadda ta biyo bayan lamba tara ta narka masa sanda, ƙwallon ya wuce kan kowa ya gangara har jikin shinge. Ita da mai lamba tara suka zagayo gida, maki biyu. Baƙi shida, Vesely biyar.

Yana bayan motarsa yana kwance igiyar takalmi Yesenia ta iso, fuska cike da fara'a. "Baba, mun gode fa. Na san sassauci ka yi mata, ƙarama ce. Zan ƙara ja mata kunne a kan juyawar nan." Ya buɗe baki zai yi bayani, tuni ta juya ta bi yaranta. Wannan godiyar ta fi duk zagin da ya sha a ranar yi masa ciwo.

Kwana huɗu wayarsa ba ta yi ƙara ba, amma dama ba ta saba yi ba. Ranar Alhamis ya sa gogaggiyar rigarsa, ya ɗauki littafin dokoki, ya maƙala takarda a shafin dokar juyawa. Ya tarar da Duane a ƙofar gidan abincin Arlene, jingine da motarsa, kamar mai jiransa.

"Mayar da shi aljihu," in ji Duane. "Na duba tun ranar. Kai ke da gaskiya."

Lowell ya mayar da littafin aljihu. "To ai shi ke nan, Duane. Ni dama..."

"Ba shi ke nan ba ne. Wa ya sani in ba kai ba? Ko mutum ɗaya? Kendra kwana biyu ba ta ci abinci ba, cewa take ita ta jawo. Shekara uku muna cin abinci a tebur ɗaya, mutumina."

"Ita ma waccan 'yar wani ce."

"Haka ne. Mene ne sunanta?"

Lamba tara kawai Lowell ya sani.

Duane ya gyaɗa kai, ya tura ƙofa ya shige. Lowell ya ɗan jima a tsaye a rana, sannan ya bi bayansa. Kujerarsa tana nan a teburin kusurwa, amma Virgil mai kiwon shanu ya ɗora hularsa da jaridarsa a kai, kuma ba wanda ya ɗago. Ya wuce kan dogon kanta ya zauna.

Arlene ta zo da butar kofi, ta dube shi, ta dubi kusurwa. "In kai maka can?"

"A'a, bar shi nan."

Ta zuba, ta tafi. A bayansa hirar ta ci gaba, sai dai an ɗan ɗaga murya fiye da kullum.

"Ni dai abin da na sani," Virgil ne ke magana, "yaron goye ma ya san dama ake juyawa. Hagu, ka fita. Haka aka yi da ni, haka aka yi da ubana. Mutum ya yi shekara ashirin da wani abu yana sa shuɗiyar riga bai san wannan ba? Ko ba haka ba, Duane?"

Lowell ya riƙe kofinsa da hannu biyu bai kai baki ba. Kalma huɗu ko biyar kawai yake jira, waɗanda aka faɗa masa a waje minti biyar da suka wuce. Ya ji ƙarar cokali yana zagaya cikin kofi, ya zagaya, ya sake zagayawa.

"Sun ce akwai ruwa ranar Lahadi," in ji Duane.