Safar Hibba a Ofishin Awaki

Jiya da dare, bayan na lallaɓa Hibba ta yi barci, na yi wani mafarki. Dama da rana Lurwanu ƙanin mijina, wanda yake saka min tallan garin kunun yara a intanet, ya tambaye ni: hoton tallan mu ɗora shi da kanmu, ko mu ajiye wurin wani kamfani ya riƙa aikawa a madadinmu? Na ce ya bari in yi tunani, tunda fuskar 'yata ce a hoton. Ashe a barci zan yi tunanin.

Sai ga ni a wani gari rungume da hoton. Hibba na ciki da kofin kununta, tana motsi, tana cizon cokali. A garin nan ruwa daga ƙasa yake tasowa ya tafi sama, don haka kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Bangwayen duk tagogin talla ne. Da mutum ya ƙifta ido sai a yi gwanjon tagar da ke gabansa, kafin ya buɗe an gama, hoton wanda ya ci ya fito. Wani tsoho ya ƙi ƙiftawa saboda rowa, idonsa ya yi jajir.

Na shiga ofishin talla. Wata akuya mai tabarau ce a bayan tebur.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Yauwa 'yar nan. Da hannunki za ki ba ni, ko ta gidan Alhaji Hawainiya?"

"Da hannuna. Ga ta."

Ta gutsuri gefen hoton ta tauna, don haka suke tantance talla a can. Ta lumshe ido.

"Girma ya yi. Nauyi ya yi. Ba abin kunya a ciki." Ta buga hatimi da kofato. "Abin da kika kawo shi za a gani, ba ƙari ba ragi."

Sai ga ni a bakin titi, Hibba a saman bango tana yi wa mutane dariya. Can na lura ruwan da ke tashi yana dukan tafin ƙafarta. Na sa mata hula, na sa mata rigar sanyi, amma ban sa mata safa ba, don ni a garinmu daga sama ake jiƙewa. Ta yi atishawa.

Na koma ofis da gudu.

"Hajiya, safa kawai zan sa mata, yanzun nan."

"An buga hatimi. Ki sauke wancan, ki kawo sabo, ki bi layi."

Na leƙa layin. Ya kai bayan gari, kuma da baya yake tafiya.

"Maman Hibba, ai da kin zo wurina."

Alhaji Hawainiya ne a gefena, babbar rigarsa tana sauya launi. Ya yi min bayani a natse. Firam ɗin hoto da babu komai a ciki zan kai wa akuya, da zare a ɗaure har gidansa. Hoton yana wurinsa. Duk tagar da na ci, sai a ja zaren, ya aiko.

"In kina son safa, kafin ki rufe baki an sa. Mutanen Jos su gan ta da bargo, na Sakkwato su gan ta da 'yar shimi. Har in faɗa miki wanda ya kalla da wanda ya taɓa."

Gaskiya maganarsa ta shige ni. Hibba ta sake atishawa.

"To Alhaji, a ina za ta kwana?"

"A gidana, da sauran hotuna."

"Wa zai riƙa kai ta bango?"

"Ina da wakili. Shi ma yana da wakili. Wancan ma ina jin yana da shi."

"In an sauya hoton, akuya za ta sake ɗanɗanawa?"

"Ai ta ɗanɗana na ranar farko."

Muna tsaye wata mata mai sayar da sabulu ta ja ni in ga tagarta, ita ta gidan Alhaji ta bi. Tagar ta daɗe fara fat, ana jiran zare. Sai sabulu ya fito. Sai ya zama man bilicin. Sai ya zama wani ƙato yana kiran mutane caca.

"Wayyo ni, wannan ba nawa ba ne!"

"Zare ne ya harɗe," in ji Alhaji, ya koma ruwan toka. "Jefi-jefi ne. Yawanci lafiya lau."

Na kalli Hibba. Na ce, "Na gode, Alhaji. Ranar da tallana ya yi yawa zan kawo maka hoton buhun gari, ka sauya shi yadda ka ga dama. Yarinya kam ba ta kwanan gidan mutane."

Na tattare zani, na hau tsani, na sauke ta. Na goge ƙafar da bakin mayafi, na zura mata safa har gwiwa. Da na shiga layi na ga yana ta ja da ni baya, sai kawai na juya masa ƙeya. Nan take na ganni gaban tebur.

Akuya ta gutsura, ta tauna.

"Wannan ya fi ɗumi," ta ce, ta buga hatimi.

Wata tsohuwa ta ƙifta ido a bakin kasuwa, Hibba ta fito, ruwa na dukan safa yana zamewa. Ko tari ba ta yi ba.

"Tubarkalla," in ji tsohuwar. "Wannan 'ya da uwa a kanta. Ina ake samun kunun?"

Na buɗe baki zan yi mata kwatance, sai na ji ƙwanƙwan, ƙwanƙwan, ƙwanƙwan. Mai ruwa ne yake buga ƙofar gida da murfin jarka. Gari ya waye, Hibba ta harbe bargo tana barcinta, ƙafarta ɗaya a wuyana.